Ta ce ba ta jin Allah kusa, aka ce ta binciki zunubinta

Tun ranar Lahadi abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi. Waɗanda muka yi sujada tare a coci kun gani da idonku. Mace ta tashi lokacin shaida, wata bakwai da binne mijinta, tana murɗa bakin gyalenta, muryarta na rawa, ta ce tana addu'a amma kamar da bango take magana. Roƙonta ɗaya ne, a yi mata addu'a. Amsar da ta samu daga kan bagade ita ce, "Mama, ki binciki kanki, akwai zunubin da ba ki furta ba." Har da tambayarta ko tana fitar da ushiri. A gaban jama'a! Ina kallonta ta zauna ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara ɗagowa ba har aka sa albarka.

'Yan'uwa, wannan maganar abokan Ayuba ce. Elifaz da Bildad da Zofar sun yi kwana bakwai zaune a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba, kuma nan ne kaɗai suka kyauta. Suna buɗe baki suka shiga laluben laifinsa. Ku duba Littafin Ayuba sura ta 42. Da su Ubangiji ya yi fushi, sai da Ayuban da suka tuhuma ya yi musu addu'a.

Na san wani zai jefo mini Ishaya 59, cewa zunubi yana raba mutum da Allah. Yana rabawa, ban musa ba. Amma Ishaya yana tsawata wa mutanen da hannuwansu suka ƙazantu da jini ne, kai kuma gwauruwa ka sa a gaba. A Zabura 13 Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu cikin ayoyi biyu. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare a cikin duhu, babu ta'aziyya ko ɗaya, kuma tana nan a Littafi Mai Tsarki, ba a cire ta ba. Yesu kansa a kan gicciye ya ɗaga murya, "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Shi wane zunubi ya ɓoye? Uwa Teresa, sistar Katolika, ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 duniya ta gano ta yi shekaru da dama tana jin Allah ya yi mata nisa, tana kuwa wanke gyambon marasa galihu a birnin Kalkata na Indiya.

Jin nisan Allah ba shaidar laifi ba ne. Zan yi ta maimaitawa har ya shiga.

Ku tuna Iliya da ya gudu daga Yezebel, ya kwanta gindin itace ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ga gurasa ga tulun ruwa. Ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb ya ji muryar Allah, ita ma a hankali ta zo, bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce.

Ni ma na taɓa shiga wannan ramin, shekarar da mahaifiyata ta rasu. In na durƙusa, bakina sai ya yi nauyi. Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ce take zuwa duk Alhamis da kunun gyaɗa a jug, ta zauna a tabarma, ta gyara tabaronta da aka ɗaure da zare, ta karanta zabura ɗaya ta tafi. Ba ta taɓa tambayata me na yi ba. Wata biyar ana haka, ran nan sai na ji bakina yana bin nata.