Ɗaliban da suka hura kwalabe da bakinsu domin saƙo ya kai ga manomi

Jama'a, duk lokacin da aka ɗauko tarihin rediyo, sunan Marconi, ɗan Italiyan da ya yi fice wajen aika saƙo ta iska, ake fara kira, daga nan sai a tsallaka zuwa manyan kamfanoni. Ni kuwa waɗanda suka fi tsaya mini a rai wasu malamai ne da ɗalibansu a Jami'ar Wisconsin da ke birnin Madison a Amurka. Ina ganin sun cancanci mu san su, musamman mu da rediyo ya zama abokin hirarmu a gida da gona da kasuwa.

A 1914 wani farfesan injiniyan lantarki mai suna Edward Bennett ya haɗa na'urar aika saƙo ta iska a jami'ar. Hukuma ta ba tashar lambar kira 9XM, harafin X ɗin kuwa alama ce ta tashar gwaji. Ba da jimawa ba aikin ya koma hannun Earle Terry, malamin fiziks, shi da ɗalibansa. A lokacin babu murya, babu kiɗa. Tangaraho ne kawai marar waya: ka danna makunni ka saki, ƙara gajera da ƙara doguwa, haruffan Morse. Wanda bai koyi karatunsu ba, tsuwwa kawai zai ji a kunne.

Ranar 4 ga Disamba, 1916, tashar ta fara aika hasashen yanayi a kai a kai. Jami'in hukumar yanayi na Madison, Eric Miller, shi ke kawo bayanin, ɗalibai su buga shi. To a nan ne abin ya fi burge ni. Wisconsin jihar manoma ce da masu kiwon shanun madara, ga sanyi mai kashe amfanin gona cikin dare guda. Manomi bai iya Morse ba. Su wa suka cike giɓin? Masu rediyon sha'awa, galibinsu samari da suka haɗa akwatunan sauraro da hannunsu a ɗakunan gidajen iyayensu. Su ne ke zama su saurara, su rubuta saƙon a takarda, su kai shi inda jama'a ke taruwa a garinsu a manna. Ba albashi, ba alawus. Sunayen akasarinsu ma tarihi bai riƙe ba, amma ba don su ba da ilimin ya tsaya a cikin harabar jami'a.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a Afrilun 1917, gwamnati ta rufe tashoshin farar hula, amma aka bar 9XM ta ci gaba da gwaje-gwaje tare da rundunar sojan ruwa. Abin da Terry ke nema shi ne murya ta bi iska, wannan kuwa sai da bawul, wato kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta. Masu ƙarfin da ake buƙata ba a samunsu a kanti. Sai ɗalibai suka koyi narka gilashi da hura shi, suna ƙera nasu. Kwalba ta ƙone, a sake wata. Ku tsaya ku auna wannan haƙurin. Cikin ɗaliban nan akwai C. M. Jansky da Malcolm Hanson. Kuma duk wannan ana yi ne alhali wasu abokan aikin Terry na kallon abin a matsayin wasan yara da bai dace da masanin kimiyya ba.

A farkon 1921 aka fara karanta hasashen yanayi da murya, a cikin shekarar aka ƙara da farashin kayan gona a kasuwa. Manomin da ya san farashin birni, ɗan tsakiya ba zai yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Ranar 13 ga Janairu, 1922 tashar ta samu sabon suna WHA, kuma har yau tana aiki. Ana ta gardama ko ita ce mafi tsufa a Amurka ko tashar KDKA ta birnin Pittsburgh. Wannan gardamar ba ta dame ni ba.

Dubi inda yaran suka kai. Hanson shi ya jagoranci aikin rediyo a tafiyar binciken da Ba'amurke Richard Byrd ya yi zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, tsakanin 1928 da 1930. Ƙanen Jansky, wato Karl, wanda ya gama fiziks a jami'ar a 1927, shi ne ya gano cewa akwai igiyoyin rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya, can wajen taurari, abin da ya buɗe sabon reshen ilimin falaki. (Af, jami'ar nan ba baƙuwarmu ba ce: ta daɗe tana koyar da Hausa, a can marigayi Neil Skinner ya yi shekaru yana karantarwa.)

Ga abin da ke cina. Jami'o'inmu da dama yanzu suna da gidajen rediyo, kuma na yaba. Amma yawanci na masu koyon aikin jarida ne: a sayo na'ura daga waje, a kunna, a yi magana. Ina ɗalibin lantarki da zai naɗa waya da hannunsa, ya ɗaga eriya, ya ji muryar wani daga wata nahiya ta amsa masa? Nijeriya tana da lambar kiranta ta duniya mai farawa da 5N, Nijar tana da 5U. Ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin haka? Ga kuma masu gyaran waya da rediyo cike da kasuwanninmu, masu basira a yatsu, waɗanda ba a taɓa gayyatarsu cikin ɗakin gwaji ba.

Na san za a ce zamanin intanet ne, wa ke buƙatar Morse. Ai wayar da ke hannunka ma rediyo ce, kuma wanda ya haɗa ƙarama da kansa shi zai gane cikin babba. Na san kuma za a kawo batun tsaro, kuma batu ne na gaskiya a halin da muke ciki. Shi ya sa nake son a yi abin a fili, a ƙarƙashin jami'a, da lasisin hukuma da rajistar duk wanda ya taɓa na'ura.

Malamanmu na sashen lantarki da na fiziks, don Allah ku duba. Don kafa wa ɗalibai tashar gwaji irin 9XM, ɗaki ɗaya ake buƙata, da ƙarfen ɗaga eriya, da lasisi, da malami guda da zai yarda ya tsaya da yara bayan an tashi lacca. In akwai inda aka riga aka fara, ku sanar da mu sunan makarantar.