Kuɗin marayu na kulle a banki, uwarsu na cin bashi

Wallahi abin da iyalan mamata ke gani a Abuja ya isa haka. Magidanci ya rasu ya bar kuɗi a asusunsa, matarsa na takaba, an koro yara daga makaranta, mai gida na neman kuɗin haya, banki kuwa da jin labarin rasuwar sai ya kulle asusun. Ko wanda mamacin ya rubuta a fom a matsayin ɗan'uwansa mafi kusa ba shi da ikon cire kwabo, sai an kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci.

Kafin ta fito, sai an samo shaidar mutuwa daga asibiti da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A je sashen gado na Babbar Kotun Abuja a sayi fom, a karɓi wata takarda a bi bankuna ɗaya bayan ɗaya su rubuta abin da ke asusun su buga hatimi. A kawo mutum biyu masu tsayawa, da hotuna da katin shaida. In akwai ƙananan yara cikin magada, ba a ba mutum ɗaya izinin, sai aƙalla biyu. Sannan a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 21 ko wani zai fito da ja.

Duk wannan kariya ce ga dukiyar marayu, babu mai musu. Abin da ke ƙona rai shi ne kuɗin kotu. Ana yanka shi gwargwadon yawan dukiyar, kuma dole a biya kafin kotu ta ba da takardar izinin. A biya da me, jama'a? Kuɗin ai yana cikin asusun da aka kulle! Haka za ka ga matar da mijinta ya bar miliyoyi tana sayar da ɗan kunnenta na gwal, ko ta faɗa hannun dillalan bakin kotu masu cewa "Hajiya, kawo wani abu mu tura miki fayil." Me zai hana a ba banki umarni ya cire kuɗin kotun kai tsaye daga asusun?

Ga Musulmi wahalar biyu ce. Alƙali ya zauna ya fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, ya ba matar tumuninta, ya raba saura. A kai hukuncin, wani banki ya karɓa, wani ya ce shi sai takardar Babbar Kotu. Doka ɗaya, kowane manaja da tasa fassarar.

In kuma mamacin na da gida a Jos, takardar Abuja ba ta aiki a can sai Babbar Kotun Filato ta sake buga mata hatimi, da sabon biya. Kamfanin fansho ma na jiran takardar kotu kafin ya saki abin da ma'aikaci ya tara. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke BVN da na shaidar mutuwa, Muhammad a nan, Mohammed a can, sai a ce a je a yi rantsuwa a kotu, fayil ya koma ƙasan tari.

Asusun da bai wuce kuɗin makarantar zango ɗaya ba, don Allah me ya haɗa shi da sanarwar jarida da masu tsayawa biyu?