A Jos mun iya rawa a gaban Ubangiji, kuka ne ba mu yarda da shi ba

Lahadina ta farko a wata majami'a a nan Ingila, na ɗauka rasuwa aka yi. Kowa tsaye ƙiƙam, ido a kan takarda, awa ɗaya cif aka sallame mu. Ni da na tashi a Tudun Wada a Jos, inda in 'yan Zumuntar Mata suka buga tulu lokacin baiko har tsofaffi masu ciwon gwiwa sai sun taka, na ce a raina mutanen nan imaninsu ya huce kamar kunun jiya.

Na daɗe ina yi musu wannan kallon. Rasuwar Baba ce ta sa na sake tunani.

Na je gida jana'iza. A bakin kabari hawaye suka kuɓuce mini, sai kawuna, dattijon ikilisiya, ya matse mini hannu ya ce a kunne, "Kai, haɗiye. Namiji ne kai, kuma mai bi. Kada mutane su ce ba ka da bangaskiya." Na haɗiye. Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa, kowa kalma ɗaya: sai haƙuri, nufin Allah ne.

Da na dawo, wata tsohuwar Baturiya mai raba shayi bayan sujada ta tambaye ni yadda nake. Na ce lafiya lau, mun gode Allah. Ta dube ni ta ce ita da mijinta ya rasu, shekara guda ta yi tana fushi da Allah, kuma a addu'a take gaya masa. Na razana, don a gida da an kira mata fasto. Sai ta buɗe mini Zabura 88, wadda take ƙarewa cikin duhu, babu ko haleluya ɗaya a ƙarshenta.

Ba na cewa Turawa sun fi mu. Har yau sujadarsu ba ta ƙosar da ni, in kewa ta dame ni waƙoƙin gida nake kunnawa a waya. Amma mun rage wa Littafi Mai Tsarki wani abu. Yesu ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Bulus ya ce wa Romawa su yi kuka da masu kuka. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki, amma yaushe rabon da ku ji an yi wa'azi daga cikinsa?

Kuma Jos, garin da ya ga rikicin Satumba 2001, ya ga bama-baman kasuwar Taminus a 2014, a ce mutanensa ba su da wurin kuka a ɗakin sujada? Gwauraye nawa ne ke rawa ranar Lahadi, su koma gida su rufe ƙofa?

Kukan Baba dai sai bayan wata huɗu na yi shi, ni kaɗai a cikin bas, a hanyar zuwa aiki.