Littafi uku a shago ɗaya: wa kontabul yake yi wa aiki?

Wani ɗan ƙanwata ya gama karatun lissafin kuɗi a jami'ar Ngaundare, ya sami aiki wurin wani babban ɗan kasuwa a nan Garwa mai sayo kaya daga Duwala yana kaiwa har Kusiri. Wata uku da fara aiki ya zo mini da dare, ya zauna shiru kafin ya ce: "Kawu, littafi uku nake riƙewa. Na banki ribarsa ta yi yawa, na masu haraji asara ce zalla, na gaskiyar kuma yana ɗakin Alhaji." Da ya nuna damuwa, abin da maigidan ya ce masa shi ne: "Yaro, kai dai rubuta, haka kowa yake yi."

Ban ga laifin yaron da ya tsorata ba. Aiki ya yi wuya a arewacin Kamaru, jami'o'in Ngaundare da Marwa, ga ta Garwa da aka buɗe a 2022, suna yaye matasa kowace shekara, kamfanonin da za su ɗauke su kuwa ƙalilan ne. Amma na gaya masa ra'ayina, shi ne kuma zan faɗa a nan: kontabul ɗin (wato mai riƙe lissafin kuɗi) da ya yarda ya riƙe littafi uku bai taimaki maigidansa ba, rami ya haƙa masa, kuma shi kansa ne zai fara faɗawa ciki.

Dokar ba ta da duhu. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, da aka kafa da yarjejeniyar 1993, wadda sakatariyarta take Yawunde. Tsarin lissafinta da aka sabunta, SYSCOHADA, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Abin da yake nema shi ne lissafin ƙarshen shekara ya nuna ainihin halin da dukiya take ciki, a kuma adana takardu har shekara 10. A lura da wannan shekara goman. Rasit ɗin ƙaryar da aka buga wa hatimi bana yana nan a ajiye, yana jiran ranar bincike, ko da yaron ya daɗe da barin aikin. Ranar da masu bincike suka zo, maigidan da bai yi boko ba yana da amsa a shirye: "Ni ban san Faransanci ba, ku tambayi kontabul." Rubutun waye a takardar?

Na san uzurin da ’yan kasuwarmu suke kawowa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari, ga kuɗin duwan, wato kwastam, ga shingaye a hanya, ga maƙwabcinka da yake shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya yana karya farashi. Wanda ya bi ƙa'ida yana jin kamar shi kaɗai ake tatsa. Wannan kuka ne da ya kamata ’yan kasuwa su haɗa kai su kai wa hukuma da babbar murya. Amma ɗora nauyin a kan yaron da albashinsa bai wuce kuɗin haya da abinci ba zalunci ne.

Abin da ya fi damuna ma ba haraji ba ne. Mai littafi uku a hankali shi kansa yakan rasa wanne ne na gaskiya. Sau nawa muka gani a unguwanninmu, attajiri ya rasu ana yi masa kallon mai dukiya, a zo rabon gado a tarar da bashin banki ya cinye shaguna da motoci? Banki ya ba da rance ne bisa ribar da aka ƙirƙira. Matan mamaci da marayu su ne suke biya, ’yan'uwa su yi ta zargin juna har zumunci ya yanke. Ta fuskar zakka ma, wanda bai san haƙiƙanin jarinsa da bashin da ake binsa ba, da wane ma'auni zai fitar da kashi 2.5 ɗin? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta umarci marubuci ya rubuta da adalci. Marubucin nan a zamaninmu shi ne kontabul. Mu da muka haddace ayar tun muna makarantar allo bai kamata mu jira wata doka daga waje ta koya mana ba.

Waɗanda suka shiga aikin gwamnati nasu haɗarin ya fi tsanani. Sashe na 184 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya wawure dukiyar jama'a da ta haura sefa 500,000, kotun musamman da aka kafa a 2011 kuma tana sauraron shari'ar da ta kai miliyan 50. Sa hannu a kan takardar karɓar kayan da ba a kawo ba, don shugaba ya ce a sa, ya isa ya kai mutum gaban alƙali.

To me yaro zai yi, tunda faɗar "a'a" ga dattijo abu ne mai nauyi a tarbiyyarmu? Ba sai ya yi rashin kunya ba. Kontabul ɗin da ya san aikinsa yana da abin da zai miƙa a maimakon ƙarya: kuɗaɗen da doka ta yarda a cire kafin a ƙididdige haraji, waɗanda yawancin ’yan kasuwarmu suke asararsu don ba sa ajiye rasit, ragin darajar motoci da injuna, shiga cibiyoyin CGA masu taimakawa da lissafi da haraji, waɗanda hukuma ta amince da su, inda ƙananan ’yan kasuwa suke samun rangwame. Ya zauna da maigida su biyu, ya ce: "Alhaji, ga abin da zan iya rage maka ta halal, wancan kuwa hannuna ba zai hau kansa ba." Ya kuma riƙe sirrin gidan, domin amana ba ta tsaya ga alƙalami kaɗai ba, yawo da lissafin maigida a majalisar shayi shi ma cin amana ne.

Sauran aikin namu ne, iyaye. Idan yaro ya rasa aiki saboda ya ƙi sa hannu, kada ya dawo gida a tarbe shi da "kai ne ka fi kowa tsoron Allah?" Ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta ƙasa, ONECCA, ita ma ya dace ta riƙa leƙo arewa tana zama da ɗalibai kafin su fita, domin mafi yawansu ba membobinta za su zama ba, a shagunan kasuwa za su ƙare, ba mai kare su.

Ɗan ƙanwata ya yi maganar da maigidansa. Alhaji ya yi fushi na kwana biyu, sannan ya yarda a gyara littafin banki. Na harajin har yanzu suna ja-in-ja a kansa, yaron kuma ya gaya masa ba zai sa hannu a na bana ba.