Wagon mai shan dizal: arha a wajen saye, kuka a gareji

Abin haushi, dillali zai rantse maka kilomita 150,000 kawai motar ta yi, alhali an mayar da mita baya. Dubi robar kuloci da sitiyari, in sun suɗe sosai, wataƙila ƙarya yake.

Ka je da sassafe lokacin hunturu, injin na sanyi, ka tayar da ita da kanka. In ta daɗe tana gurnani tana fitar da farin hayaƙi, hita (masu ɗumama injin kafin ya tashi) sun mutu ko nozul (bakin da ke fesa dizal cikin injin) na ɗiga. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai take ƙonawa, sau da yawa matsalar turbo ce (mai tura iska cikin injin).

Ga dizal ɗin bumburutu mai ruwa, shi ke kashe injekta (na'urar fesa dizal). Ƙurar Zariya ma ba ta raga wa filtar iska, sai juye duk kilomita 5,000. Mai gyaran famfon dizal na ƙwarai kuwa, sai ka zaga Sabon Gari kafin ka samu.