Su wa ke bin layi a asibitin gargajiya na Sinawa?

Da an ce "maganin Chana", abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ɗan kwalin nan mai rubutun da ba mai iya karantawa, wanda ake talla da lasifika a tasha, wai ƙwaya ɗaya ta isa basir da sanyi da ƙarfin maza. A can gidansu ba haka abin yake ba.

A ƙasar Sin asibiti ne sosai, da yankan kati da likita mai farar riga, irin su Guang'anmen da ke Beijing. Likita zai ɗora yatsu uku a wuyan hannunka yana sauraren bugun jijiya, ya ce ka zaro harshe ya duba, ya tambaye ka barci da gumi da bayan gida. Sai ya rubuta haɗi, a jawo ƙananan aljihunan katako a auno saiwa da sassaƙe da busasshen ganye, ka je gida ka tafasa. Ruwan baƙi ƙirin, ɗaci kuwa sai wanda ya sha.

To su wa ke zuwa? Taiwan, tsibirin da ke kusa da gaɓar ƙasar Sin, ita ce ta fi ba da amsa, domin inshorar lafiyar da ta kafa a 1995 tana biyan kuɗin irin wannan magani, kuma duk wanda ya je sai an rubuta. Da masu bincike suka duba, sai suka ga mata sun fi maza zuwa, kuma ba tsofaffi ne kan gaba ba kamar yadda za a zata, masu shekara talatin da ɗoriya ne. Abin da ke kai su kuwa: tari da mura da toshewar hanci da suka ƙi tafiya, ciwon baya da wuya da gwiwa, targaɗe, kumburin ciki, rashin barci, ciwon mara da rikicewar al'ada. Akasarinsu ma magani na sha ake ba su, allurar nan da ake tsittsira wa jiki da ta yi suna a duniya kaɗan ce a lissafin.

Ku dubi jerin nan da kyau. Ciwo ne da ba ya kwantarwa amma ba ya barin mutum ya sake, irin wanda za ka kai asibiti a yi gwaji a ce lafiyarka lau, alhali kai ka san ba lau ba. A ganina rabin abin da suke saye a wurin shi ne a zauna a saurare su. Wanda ya yi haɗarin mota ko zuciya ta buga masa, asibitin zamani ake rugawa da shi. Daga baya ne, in ɓarin jiki ya shanye, ake haɗa masa da allura da tausa. Mutanen sun san aikin kowane, kuma suna zuwa duka biyun ba tare da jin sun ci amanar wani ba.

Yana aiki? Wani eh, wani a'a. A Jamus, tun 2007 inshora ke biyan kuɗin allurar ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa. Amma a gwajin da aka yi kafin nan, masu ciwon bayan da aka soka wa allura sama-sama a inda ba gurbinta ba sun samu sauƙi kusan daidai da waɗanda aka yi wa ta gaske. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga ganyen qinghao ya fito, ɗan'uwan tazargade, kuma shi ya ba Tu Youyou, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin, kyautar Nobel a 2015. Sai dai tace shi aka yi, aka auna, aka gwada. Ƙahon da Sinawa ke yi kuwa, wanzamanmu ba baƙinsa ba ne.

Inda nake jin tsoro shi ne in maganin ya bar hannun likitansa ya ƙetare iyaka. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam ya ba mata ƙwayoyin da aka yi kuskuren sa tsiron Aristolochia mai guba a ciki maimakon wani. Sama da ɗari ƙodarsu ta lalace, wasu sai wankin ƙoda da dashe, wasu kuma ciwon daji ya biyo baya. Wannan fa a Turai ke nan, inda ake bin diddigi har aka gano. Kwalin da aka saya a tasha, in ƙoda ta tsaya, wa za a kama? Sai a ce jifa ne ko sammu.

Akwai kuma wani ɓangare da ya taɓa mu kai tsaye. Cikin abin da matan ƙasar Sin ke sha don ƙarin jini akwai ejiao, wanda ake yi da dafaffiyar fatar jaki. Buƙatarsa ce ta sa jaki ya yi tsada a kasuwanninmu har ya fi ƙarfin mai ɗiban ruwa da mai dakon yashi. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a watan Fabrairun 2024.