Masu kallon tsuntsaye ba su ne suka ceto shahon Morishus ba

Wani labari da na karanta ya ce kuɗin masu yawon buɗe ido ne ya farfaɗo da tsuntsayen tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya, ni kuwa ban yarda ba. A 1974 ƙaramin shahon tsibirin guda 4 kacal ya rage a daji, bayan feshin maganin ƙwari na DDT don yaƙi da sauro da sare kurmi don noman rake. Wane baƙo ne ke zuwa kallonsa a lokacin? Masana ne suka riƙa hawa duwatsu suna ɗauko ƙwai, su ƙyanƙyashe su a na'ura, su ciyar da 'yan tsakin da hannu har su yi fiffike. Baƙi da kyamarorinsu sun zo ne bayan an buɗe gandun dajin Black River Gorges na tsibirin a 1994. Ga mai cewa tsuntsu ai tsuntsu ne, wannan shahon babu shi ko'ina a duniya sai can, in ya ƙare ya bi sahun tsuntsun nan na Morishus mai suna dodo, wanda tuni ya ƙare a duniya, ke nan. Har yau ɓeraye da birai da tunku, duk kawo su aka yi, suna fasa sheƙa suna shanye ƙwai. Me ya sa marubucin labarin bai tambayi nawa daga kuɗin baƙin ke shiga aikin tarko da gadin sheƙa ba?